Digiri na biyu a nazarin Asiya: Sin ko Indiya, kuma da wane harshe ake farawa?

Jikan Ɗan Bama ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan fage. Na kammala digirin farko a fannin Tarihi shekara uku da suka wuce, na yi hidimar ƙasa, yanzu kuma ina koyarwa a wata makarantar sakandare mai zaman kanta. Tun ina yaro na yi karatun allo, daga baya na zauna a zaure na karanta fiƙihu da nahawu gwargwadon hali, saboda haka ina karanta Larabci marar wasali ba tare da wahala ba, ko da yake bakina bai saku da magana da shi ba.

Abin da ya ja hankalina zuwa Asiya shi ne kundin da na rubuta a shekarar ƙarshe, a kan sojojin Arewa da Turawan mulkin mallaka suka kai yaƙin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, tsakanin 1943 da 1945. Kakana na wajen uwa yana cikinsu, kuma har ya rasu yana ba mu labarin damina da dajin gora da kogin Kaladan. Da na zo rubutu sai na tarar kusan duk abin da hannuna ya kai gare shi hafsoshin Ingila ne suka rubuta shi. Ban ji muryar Bajapane ko ɗaya ba, ban ji ta sojan Indiya ba, balle ta mutanen yankin Arakan na ƙasar Bama da aka yi yaƙin a gonakinsu. Tun daga nan abin yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Yanzu ina so in nemi gurbin digiri na biyu a nazarin harsuna da adabi da siyasar Asiya, amma zuciyata ta rabu biyu. Abokaina suna cewa in nufi Sin, domin can ne tallafin karatu ya fi yawa, kuma wanda ya san Sinanci ba zai rasa abin yi ba. Ni kuwa Indiya ta fi kwanta mini a rai, wataƙila saboda mun tashi da finafinansu a kunne. Na kuma ga jami'o'i da dama, a Sin da Turai, suna tallar digirin nazarin Asiya da ake koyarwa da Ingilishi zalla cikin shekara ɗaya ko biyu. Shin irin wannan digiri yana da amfani, ko kuwa wajibi ne sai mutum ya koyi harshen tukuna? Idan wajibi ne, shekara nawa yake ci? Kuma idan Allah ya sa an gama an dawo gida, a wane sashe ake samun wurin zama? Kawuna ya riga ya tambaye ni wannan ta ƙarshen, na rasa amsar da zan ba shi.

Mai Koyon Sinanci ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zan yi magana a kan Sin kawai, domin ita na sani, kuma zan fara da kuskuren da na yi don kada ka maimaita shi.

Na tafi da tallafin gwamnatin Sin na yi digiri na biyu a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa, a wani tsarin da ake koyarwa da Ingilishi. A lokacinmu ana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta, a ba shi ɗaki, a kuma ba mai digiri na biyu yuwan 3,000 a wata, mai digiri na uku yuwan 3,500, kuma kuɗin suna isar mai tattali. Matsalar ba ta kuɗi ba ce. Ajinmu mu goma sha wani abu ne, daga Afirka da Pakistan da ƙasashen Asiya ta Tsakiya, babu Basine ko ɗaya a cikinmu. Ɗaliban ƙasar da suke karanta fanni ɗaya da mu suna wani gini, da wasu malamai, da wasu littattafai. Ranar da abin ya fi yi mini ciwo ita ce ranar da na shiga ɗakin karatu na jami'ar ina neman abin da malaman Sin suka rubuta a kan taron ƙasashen Asiya da Afirka da aka yi a Bandung a 1955. Ma'aikaciyar ta nuna mini kanta guda cike da littattafai, na tsaya a gabanta kamar makaho a kasuwa, ko sunan littafi ɗaya ban iya karantawa ba. Daga ƙarshe na rubuta kundina a kan Sin, ina zaune a Sin, da littattafan Amurkawa da 'yan Ingila waɗanda da na zauna a gida ma zan iya samun su a intanet. Takardar shaida dai na samu, amma sai da na sake komawa na ba harshen shekara biyu cur kafin in ji na fara sanin ƙasar.

Ba ina cewa duk tsarin Ingilishi banza ne ba. Akwai masu daraja ƙwarai, kamar Kwalejin Yenching ta Jami'ar Peking da shirin Schwarzman na Jami'ar Tsinghua, waɗanda shigarsu ke da wuya kuma suna haɗa mutum da manyan mutane. Sai dai waɗannan sun fi dacewa da mai son aikin jakadanci ko kasuwanci. Kai kuwa daga tambayarka na fahimci bincike kake so, kuma mai bincike ba shi da makawa sai harshe.

Game da yawan shekaru, ga yadda lissafin yake. Jarrabawar ƙwarewa a Sinanci da ake kira HSK, a tsarin matakai shida da muka yi, tana bukatar kalmomi kusan 1,200 a mataki na huɗu, 2,500 a na biyar, 5,000 a na shida. Sassan adabi da tarihi da ake koyarwa da Sinanci galibi ba sa karɓar ƙasa da mataki na biyar, kuma gaskiyar magana ita ce mai mataki na biyar yakan shafe zangon farko yana kama rabin abin da malami ke faɗa. Shekara ɗaya ta share fage da ake ba masu tallafi takan kai mai ƙwazo mataki na huɗu. Saboda haka ka ƙiyasta shekara biyu ta harshe, sannan shekara biyu zuwa uku ta digirin kansa.

Furuci ba zai ba ka wahala kamar yadda ake tsoratarwa ba. Bahaushe ya saba da karin sauti tun a goye: wuyan da ake rataya wa laya daban, wuyar da ake sha daban, kuma sautin murya ne kawai ya raba su. Sinancin Mandarin yana da karin sauti huɗu, inda gaɓar ma za ta iya nufin uwa, ko rama, ko doki, ko zagi. Na lura mu Hausawa da Yarabawa da Ibo mun fi abokan karatunmu Larabawa da Turawa saurin kama wannan. Inda gizo ke saƙa shi ne rubutu. Babu baƙi da wasalin da za ka haddace cikin mako guda ka fara haɗawa. Kowace alama sai ka koye ta ita kaɗai, kuma kana bukatar wajen dubu uku kafin jarida ta karantu. Da allo da tawada muka saba, don haka ka ɗauka ka koma makarantar allo: rubutawa, wankewa, sake rubutawa.

Ga mai tarihi akwai ƙarin hawa biyu. Sauƙaƙan alamomin da ake amfani da su yanzu a babban yankin Sin an fara shigo da su ne a 1956, don haka duk takardar da ta girmi wannan lokaci, da duk abin da aka buga a Taiwan ko Hong Kong, da tsofaffin alamomi ne. Sannan kafin yunƙurin 4 ga Mayu na 1919 ya ɗaukaka rubutu da harshen baka, rubutun ilimi da na hukuma da tsohon Sinanci ake yin sa, wanda tazararsa da na yau ta kai a ce wani harshe ne na daban. Haka kuma ka san cewa samun shiga taskokin takardu ba abu ne mai tabbas ba. Taskar ma'aikatar harkokin waje ta buɗe wa masu bincike a 2004, amma daga wajajen 2012 aka janye mafi yawan abin da aka buɗe. Wanda zai gina kundinsa a kan siyasar bayan 1949 ya kamata ya tanadi hanya ta biyu tun kafin ya tashi.

Kafin ka kashe ko sisi, akwai Cibiyar Confucius a Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka da kuma Jami'ar Legas, kuma ana rubuta HSK a Nijeriya. Ka gwada wata shida ka ga ko jininka ya haɗu da harshen.

'Yar Fagge a Delhi ta rubuta:

Sannu da ƙoƙari, Malam. Na karanta bayanin ɗan'uwanmu na sama, kuma na yarda da shi a kan harshe ɗari bisa ɗari. Abin da na ga bai taɓo ba shi ne jarin da ka riga ka mallaka, wato Larabcinka. A Sin wannan jari ba zai yi maka aiki ba sai a lungu ɗaya, wato nazarin Musulmin Hui, waɗanda malamansu irin su Wang Daiyu da Liu Zhi suka yi bayanin Musulunci da tsohon Sinanci a ƙarni na 17 da na 18, kuma suna da nasu ajamin da suke rubuta Sinanci da haruffan Larabci. A Indiya kuwa Larabci mabuɗi ne na ƙofofi da yawa.

Ni na fara da Hindi a Cibiyar Hindi ta Ƙasa da ke Agra, wadda ke karɓar baƙi na tsawon shekarar karatu guda, sannan na wuce digiri na biyu a Delhi da tallafin ICCR, hukumar hulɗar al'adu ta Indiya, wadda Maulana Abul Kalam Azad ya kafa a 1950. Rubutun Devanagari, wanda da shi ake rubuta Hindi, bai ɗauke ni fiye da mako uku ba, domin yadda aka rubuta haka ake furtawa. Nahawun yana da namiji da mace kamar namu, sai dai aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa. Akwai ma wani sauti da ɗaliban Turai suka yi ta fama da shi, irin ra ɗin nan da ake naɗe harshe, ni kuwa na furta shi tun ranar farko, domin shi ne wanda muke yi a kalmar rana ko ruwa. Malamarmu ta sa na maimaita shi sau uku a gaban aji.

Hindi da Urdu a bakin mutanen kasuwa kusan abu ɗaya ne. A rubuce suke rabuwa: Hindi da Devanagari, tana ɗebo manyan kalmominta daga Sanskrit, Urdu da haruffan Larabci a salon Nasta'liƙ, tana ɗebo nata daga Farisanci da Larabci. Kai da ka yi zaure, ranar da ka buɗe jaridar Urdu za ka ga duniya da hukumat da adalat da kitab da ƙalam da mushkil suna kallon ka kamar 'yan unguwarku. Daga Urdu zuwa Farisanci kuma taki ɗaya ne, kuma Farisanci shi ne harshen mulki da shari'a a daular Mughal, Turawan Kamfanin Gabashin Indiya ma sun ci gaba da aiki da shi har 1837. Ɗakin karatu na Khuda Bakhsh da ke Patna da na Raza da ke Rampur cike suke da rubuce-rubucen hannu na Larabci da Farisanci, kuma masu iya karanta su ba su kai yawan aikin ba.

Sai dai ina so in ja kunnenka a kan maganar finafinai. Hindin fim ba zai kai ka ko'ina a aji ba. Na isa Agra ina ganin na san rabin harshen, ashe kalmomin soyayya da kuka da rantsuwa kawai na sani; ranar da na saurari labaran rediyon gwamnati, da Hindinsu mai nauyin Sanskrit, ko jimla ɗaya ban kama ba. Kuma Indiya ba Hindi kaɗai ba ce. Tsarin mulkinta ya lissafa harsuna 22, an sake shata jihohi bisa harshe a 1956, kuma a 1965 an yi mummunar tarzoma a ƙasar Tamil don ƙin a ɗora musu Hindi. Yawancin finafinan da ake fassara mana da Hausa a 'yan shekarun nan ma daga kudu suke, da Telugu ko Tamil aka shirya su. Idan fim ɗin ne ya dame ka a matsayin abin nazari, Farfesa Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin sun yi aiki mai yawa a kan yadda Hausawa suka karɓe shi, daga gidajen silima na Kano har zuwa mawaƙan bandiri da suka ɗauki karin waƙoƙin Indiya suna yabon Annabi da shi. Ɓangaren da ya rage a buɗe shi ne na can, wato yadda aka shirya finafinan da yadda suka bi hanya suka iso mu, kuma wannan sai mai harshe da zai zauna a Taskar Finafinai ta Ƙasa da ke Pune.

Tun da kai mai tarihi ne, ga wani zare da nake ganin ya fi fim ƙarfi. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, an gina ta ne a kan ta Sudan, ita kuma ta Sudan an ɗauko ta daga dokar laifuka ta Indiya ta 1860. A kwamitin masana shari'a na 1958 da ya ba da shawarar yin hakan akwai Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat, da alƙali Muhammad Sharif daga Pakistan. Indiya da kanta ta maye gurbin waccan doka da sabuwa a 2024, mu kuwa jikarta tana nan tana aiki a kotunanmu. Shi kansa Gwamna Lugga a birnin Madras na Indiya aka haife shi a 1858, kuma ya yi aikin soja a Indiya da Bama kafin ya san hanyar Lakwaja.

Rayuwa a can tana da nata ɗaci, ba zan ɓoye ba. Zafin Delhi a watan Mayu ya fi na Kano, hayaƙin hunturu yana shaƙe ƙirji, rajista da ofishin kula da baƙi tana cin rai, kuma baƙar fata yakan sha wuya wajen neman hayar ɗaki a wajen jami'a. Sau biyu mai gida yana amsa mini a waya, da ya gan ni sai ya ce an riga an kama ɗakin.

Malam Dattijo ya rubuta:

Na daɗe ina koyar da Tarihi a jami'a, kuma na zauna a kwamitocin ɗaukar malamai, saboda haka bari in amsa tambayar kawunka, wadda 'ya'yana biyu da suka yi magana a sama suka tsallake.

Idan jami'a za ta ɗauki malami, gurbin yana fitowa ne da sunan sashe: Tarihi, Kimiyyar Siyasa, Nazarin Harshe, Larabci, Nazarin Addinin Musulunci. Jami'ar Legas tana da sashen da ya haɗa nazarin harshe da nazarin Afirka da Asiya, Awka kuma tana koyar da Sinanci har matakin digiri, amma irin waɗannan wurare kaɗan ne, kuma malamin harshe suka fi bukata. Wanda ya zo mana da takarda mai cewa Nazarin Asiya kawai, tambayar farko da za a yi masa ita ce wane kwas zai iya koyarwa a aji biyu. Don haka shawarata ita ce kada ka saki Tarihi. Ka zama masanin tarihi wanda fagensa Asiya ne kuma yana karanta harshenta. Ka duba yadda sunan digirin zai fito a takarda kafin ka karɓi gurbi, domin wata rana wani magatakarda da bai san ka ba shi zai karanta ta.

Abu na biyu, ina ganin ka sa keken a gaba da jaki wajen zaɓen ƙasa. Ka fara da tambayar Sin ko Indiya, alhali kai da kanka ka faɗi abin da ke damun ka, wato muryoyin da suka ɓace a labarin yaƙin Bama. Tambayar bincike ita ke zaɓar harshe. Idan muryar abokan gaba kake nema, Japananci ne harshenka: hukumar tsaron Japan ta wallafa tarihin yaƙin a juzu'i 102 tsakanin 1966 da 1980, kuma cibiyar adana takardun tarihi ta Japan mai suna JACAR ta ɗora ɗimbin takardun soja da na harkokin waje a intanet kyauta. Tallafin MEXT na gwamnatin Japan ana neman sa ta ofishin jakadancinsu, mutum ya fara a matsayin ɗalibin bincike, da wata shida na koyon harshe, waɗanda ba za su ishe ka ba, domin alamomin rubutun Japananci, wato kanji, na yau da kullum kaɗai 2,136 ne, takardun lokacin yaƙi kuma da tsohon salo aka rubuta su. Idan kuwa muryar waɗanda kakanka ya yi kafaɗa da kafaɗa da su kake nema, to 'yata ta Delhi ta fi kusa da gaskiya. Sojojinmu ta Bombay suka shiga, a Indiya suka yi atisaye, kuma kamar yadda Hausa ta zama harshen bariki a rundunar Nijeriya, haka Urdu ta kasance a rundunar Indiya, har da jaridar sojoji da ake bugawa da ita. A wannan lissafi ban ga inda Sinanci ya shigo ba, sai dai idan ka sauya tambaya.

Game da Turai, kada ka raina ta don ba Asiya ba ce. Takardun Ofishin Indiya, wato ma'aikatar Birtaniya da ta kula da mulkin Indiya, suna Laburaren Birtaniya a Landan, kuma makarantar SOAS ta nazarin Asiya da Afirka da ke Landan, wadda aka kafa a 1916, tana da digiri na biyu na shekara biyu da ake haɗa fanni da koyon harshe mai zurfi. Ya kamata dai ka shiga da idonka a buɗe: irin waɗannan makarantu an kafa su ne don horar da ma'aikatan mulkin mallaka, kuma a gini ɗaya aka yi nazarin Bahaushe da Ba'indiye don manufa ɗaya. Tsada ita ce babbar katanga. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya na shekara ɗaya ne kuma yana bukatar shekara biyu ta aiki, wadda kana da ita, amma shekara ɗaya ba ta koya wa kowa harshe. Wanda ya riga ya ƙware a harshen a inda ake magana da shi, shi ne shekara ɗaya a Landan ko Leiden ta ƙasar Holan take yi wa amfani.

Ɗan Damagaram ya rubuta:

Allah ya gafarta Malam, ina neman izini in ƙara wata ƙasa da ba a ambata ba, ko da ɗan'uwanmu bai bi ta ba wani mai karatu zai amfana.

Mu a Nijar hanyarmu takan bi ta Faransa, inda makarantar INALCO ta Paris, wadda asalinta ya koma 1795, take koyar da harsuna kusan ɗari, har da Hausa. A can na fara harshen Indunusiya, daga baya na je Yogyakarta na yi bincike. Ga mai tushen zaure ban san wata ƙasar Asiya da ta kai ta sauƙin shiga ba. Harshen da haruffan boko ake rubuta shi, ba shi da karin sauti, ba shi da namiji da mace, aikatau ba ya sauyawa saboda lokaci. Cikin shekara ɗaya mai himma zai karanta jarida. Gwamnatinsu tana da tallafin Darmasiswa na koyon harshe da al'ada, da kuma na KNB don digiri.

Abin da ya kama zuciyata shi ne makarantunsu na kwana da suke kira pesantren. Na zauna a wata a tsakiyar Jawa na ga malami, wanda suke kira kiai, yana karanta matanin Larabci kalma bayan kalma yana fassarawa da Jawanci, almajirai suna rubuta ma'anar a ƙarƙashin layi da ajaminsu mai suna Pegon. Wallahi sai na ga kamar a zauren malaminmu nake a Birni, bambancin kawai su Shafi'iyya ne mu Malikiyya, amma Ajurumiyya da Alfiyya da Jalalaini duk ɗaya muke sha. Ƙungiyar Nahdlatul Ulama da aka kafa a 1926 daga waɗannan makarantu ta fito, Muhammadiyah ta 1912 kuma ta bi hanyar makarantun zamani, kuma ba a fahimtar siyasar ƙasar ba tare da su biyun ba. A 2019 majalisarsu ta yi doka ta musamman da ta amince da pesantren a cikin tsarin ilimin ƙasa. Duk mai tunanin makomar tsangaya da almajirci a ƙasar Hausa ya kamata ya san yadda aka kai ga wannan doka, kuma muhawarar da aka yi a kanta da harshensu take. Malamansu na da, irin su Shaihu Nawawi al-Bantani da ya koyar a Makka ya rasu a 1897, da Larabci suka yi yawancin rubutunsu, wanda ke nufin ɗan'uwanmu zai iya fara karanta su yau da daddare in ya so.

Jikan Ɗan Bama ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Allah ya gafarta Malam, maganarka ta shige ni, domin gaskiya ne tallafi nake bi ba tambaya ba. Na yanke shawarar tsayawa a kan yaƙin Bama ta ɓangaren Indiya, in fara da Hindi da Urdu, in bar Japananci sai in Allah ya kai ni digiri na uku. Hajiya ta Delhi, saura abu ɗaya: da wanne zan fara a cikin biyun, kuma me ya kamata in yi a watannin da suka rage kafin a buɗe neman gurbi?

'Yar Fagge a Delhi ta rubuta:

Ka fara da Devanagari, Malam, ko da Urdu ce manufarka. Rubutun Urdu, kamar Larabci, ba ya nuna gajerun wasula, kuma sanin Larabcinka zai sa ka riƙa furta kalmomi da lafazin zaure, wanda ba haka suke faɗa ba. Devanagari kuwa zai nuna maka kowane wasali a fili. Bayan wata uku ka ɗauko Nasta'liƙ, za ka ga idonka kawai yake bukatar sabo da yadda haruffan ke gangarowa.

A cikin wannan lokaci ka karɓo takardar sakamakonka ta jami'a tun yanzu, domin fitar da ita kan ɗauki watanni, ka kuma nemi malamai biyu da suka san kundinka su rubuta maka wasiƙar shaida. Ka rubuta ƙudurin bincike da bai wuce shafi uku ba, wanda ya ambaci taskar da za ka shiga da irin takardun da kake nema, misali Taskar Ƙasa ta Indiya da ke Delhi. Sannan ka je Taskar Ƙasa ta Kaduna ka kwafo duk abin da ya shafi ɗaukar soja da sallamar su bayan 1945, ka kuma naɗi muryar 'ya'yan 'yan Bama da ke raye a danginku da unguwarku. Malamin da zai duba aikinka a can yana da ɗalibai da yawa masu Urdu, amma ba shi da mai Hausa, kuma waɗannan kaset ɗin da takardun su ne za ka haɗa da wasiƙarka ta farko zuwa gare shi.